Yaya ake auna fadama, a yi mata kuɗi, a kuma dawo da ita?

Wani malamin makaranta daga yankin Guri a Jihar Jigawa ya aiko da tambaya. Ya ce yana jin masana a rediyo suna cewa dausayin Haɗeja da Nguru "ya kai darajar kuɗi kaza", alhali shi abin da idonsa ke gani kachala ce, wato doguwar ciyawar nan mai kara da ke tsirowa cikin ruwa, ta cinye gonar mahaifinsa, kifi kuma ya yi ƙaranci. Yana so ya san yadda ake auna lafiyar ruwa, da yadda ake yi wa kogi farashi tunda ba hajar kasuwa ba ne, da kuma ko abin da ya lalace yana gyaruwa. Ya ƙara da cewa, shin haka ake yi wa teku ma?

Malam, tambayarka huɗu ce, amma igiya ɗaya ta ɗaure su. A ƙasa irin taku, abin da ke raya fadama shi ne zuwan ruwa a lokacinsa da janyewarsa a lokacinsa. Wanda ya auna yawan ruwa kaɗai ya manta da lokaci, awonsa zai yi masa ƙarya, lissafin kuɗinsa zai karkace, gyaransa kuma zai zama aikin baban giwa. Bari in bi da kai ta ƙofar gidanku, don a nan ne aka yi ɗaya daga cikin binciken da duniya ta fi ambata a wannan fanni.

Ka san Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma yana gangarowa daga tsaunukan Jos. Idan suka sauko cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tudun yashi, sai su rasa hanya guda, su rarrabu. Haɗeja ta kasu: wani reshe ya bi Marma zuwa tafkin Nguru, wani ya bi Burum Gana, wani ya bi tsohuwar hanyar kogin. Abin da ya tsira ya haɗu wajen Gashuwa ya zama Komadugu Yobe, ya wuce Gaidam, ya raba Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya faɗa Tafkin Chadi. Manomin tattasai a Diffa da masuncin Nguru da mai tumatir a Kadawa, ƙwarya ɗaya suke sha, ko sun sani ko ba su sani ba.

A da, cikowa tana zuwa wajen Agusta da Satumba, ta malale dubban kadada, ta zauna makonni, sannan ta ja da baya. Kifi ya bi ta cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba a ruwa marar zurfi. Shinkafa ta tashi tare da ruwa. Da ruwa ya janye, a bi danshi a shuka wake. Makiyaya su sauko da shanu kan ɗanyar ciyawa a lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Wani kaso na ruwan kuma ya nutse ƙasa, shi ne rijiyoyinku ke sha har bazara. Ƙasa ɗaya, amfani huɗu ko biyar a shekara, kowa da watansa.

To, awo. Abu na farko da muke aunawa a irin wannan wuri shi ne faɗin cikowa a ƙololuwarta. Shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, wanda aka fara a 1987, ya riƙa tashi da ƙaramin jirgin sama duk shekara yana zana inda ruwa ya kai, aka kuma gwada da tsofaffin hotunan sama. Abin da ya fito shi ne a ƙarshen shekarun 1960 cikowa tana wuce murabba'in kilomita 2,000, amma a 1993 ba ta kai 500 ba. Tsakanin waɗannan shekaru an gama dam ɗin Tiga a 1974, an gama na Challawa a 1992, su biyun kuma suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Adalci ya sa in ce ba dam kaɗai ba ne: farin shekarun 1970 da na 1980 ya yi nasa ɓarnar. Rarrabe nawa ne laifin fari, nawa ne na dam, shi ne babban aikin masanin ruwa, kuma ba ya yiwuwa sai da rubutaccen tarihin ruwan sama da na tsayin kogi na shekaru masu yawa. Yanzu ba sai an ɗauki hayar jirgi ba. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne ga duk mai kwamfuta da intanet. Sai dai suna da makanta guda da ta shafe ku kai tsaye: ruwan da ke ƙarƙashin kachala, daga sama ganye ake gani. Dole wani ya shiga kwalekwale ya tabbatar.

Bayan faɗi sai ingancin ruwan kansa. Kayan aikin ba su da tsada kamar yadda ake zato. Akwai farin faifai da ake ɗaura wa igiya a saka a ruwa har ya ɓace wa ido, a auna igiyar. Wani masani ɗan Italiya mai suna Secchi ya fara amfani da shi a 1865, har yau ba a daina ba. Akwai na'urar hannu mai auna iskar oksijin da ke narke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa. Idan ta kai miligiram 5 a lita, yawancin kifi suna cikin walwala. Idan ta faɗi ƙasa da 2, sai masu taurin rai irin su tarwaɗa da gaiwa, waɗanda Allah Ya ba su hanyar shaƙar iskar sama. Shi ya sa nakan ce wa ɗalibai su duba kwandon masunci kafin su duba na'ura. Idan kwandon da a da ake ganin giwan ruwa da ragon ruwa da yauni ya koma tarwaɗa da ƙananan karfasa zalla, ruwan ya riga ya ba da labarinsa. Awon oksijin kuma a yi shi da asuba, don da rana tsirrai suna zuba iska a ruwa su rufe matsalar, da dare ne suke janye ta.

A nan akwai tarko biyu da na ga sun kama masu digiri. Na farko, auna kifi da yawan abin da aka sauke a bakin ruwa. Kamu yana iya ƙaruwa alhali kifin yana ƙarewa, saboda masunta sun ƙaru, idon kalli ya ƙanƙance, an jera dumba, wato shingen tarkon kifi, ta tare mashiga gaba ɗaya. Abin da ake so shi ne kamun mutum ɗaya, da kayan aiki iri ɗaya, a dare ɗaya, shekara bayan shekara, haɗe da tsawon kifin. Tarko na biyu shi ne mantuwa. Kowane zamani yana ɗaukar abin da ya tarar yana yaro a matsayin daidai. Masanin kifi Daniel Pauly ya yi rubutu a kan wannan a 1995. Matashi a Nguru zai ce maka bana an yi kifi, kakansa yana gefe yana murmushi don ya san abin da ake kira kifi. Saboda haka hira da tsofaffin sarakunan ruwa awo ce, ba gaisuwar ban girma kawai ba. Su ne kaɗai ma'ajiyar shekarun da ba a rubuta ba.

Tsuntsaye ma ma'auni ne. Agwagin ruwa da ke tasowa daga Turai da Rasha su yi hunturu a Dagona da Baturiya, cikin dausayinku, ana ƙirga su a watan Janairu, lokaci guda da sauran ƙasashe. Dalilinsu ne ma tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko da Najeriya ta sa a jerin yarjejeniyar Ramsar, ta ƙasashen duniya kan kare dausayi, a 2000. Amma ni ban cika dogara da su su kaɗai ba, don tsuntsu yana iya raguwa a Yobe saboda abin da ya same shi a wata nahiya.

Yanzu maganar kuɗi, wadda na ji alamar ita ta fi ba ka haushi. Ba wanda ke shirin sayar da kogi. Ana yi masa kuɗi ne saboda a teburin da ake yanke shawarar gina dam, duk abin da ba shi da lamba sifili ake rubuta masa. Injiniya zai zo da lissafin buhunan alkama da shinkafa da aikin ban ruwa zai bayar. Kifin da matarka ta soya, da itacen da yara suka ɗebo, da kabar da aka saƙa tabarma, da ciyawar da saniya ta ci, ba su da rasit, sai a ɗauka ruwan da ya wuce zuwa gare su asara ce.

A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka zauna suka yi wa abu uku kacal kuɗi a dausayinku: noma, kamun kifi da itacen wuta. Hanyar ba ta da wani sihiri. A ƙiyasta abin da aka samu a shekara, har da wanda aka ci a gida ba a kai kasuwa ba, a buga da farashin kasuwa, a cire kuɗin iri da taki da koma da ƙwadago. Sannan suka yi haka ga aikin ban ruwa na Kogin Kano, wanda ke shan ruwan Tiga a su Kura da Bunkure da Garun Malam. Hikimarsu tana wurin rabawa. Ba su tsaya ga riba a kowace kadada ba, don a Arewa ba ƙasa ce ta yi ƙaranci ba, ruwa ne. Sai suka tambaya: kowace lita miliyan ɗaya ta ruwa, ribar nawa take haifarwa a can, nawa a nan? Fadama ta fi aikin ban ruwan da fiye da ninki ɗari. Dalili a fili yake: aikin ban ruwa yana cin kuɗin gini da gyara da taki, ruwa mai yawa yana salwanta a hanya, ita kuwa cikowa ba a biyan ta ko kwabo, kuma ruwa ɗaya yana yi wa mutum huɗu aiki. Bayan haka, a 1998, Barbier da Julian Thompson suka gwada tsare-tsaren dam daban-daban, suka samu cewa ƙarin ribar ban ruwa a sama ba ta maye ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar da ake yi a ƙasa. Gayatri Acharya kuma ta bi sawun ruwan da ke nutsewa: idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sauka da mita ɗaya, nawa mai lambu zai ƙara kashewa a man injin, nawa magidanci zai ƙara biyan 'yan garuwa. Wannan ita ce dabarar yi wa abin da ba a sayarwa kuɗi, ka bi shi har inda ya taɓa aljihu.

Kada ka ɗauka ina cewa Kadawa, inda ake wannan aikin ban ruwa, banza ce. Dubban gidaje suna ci daga gare ta, birnin Kano kuma yana sha daga waɗannan koguna. Lissafin bai ce a rushe Tiga ba. Cewa ya yi duk wanda zai ƙara tare ruwa a sama, misali a Kafin Zaki kan Kogin Jama'are inda aka daɗe ana maganar dam, ya sani ɗauka yake daga aljihun wani ya sa a na wani, kuma abin da ya ɗauka ya fi abin da ya bayar.

Lissafin yana da iyaka, kuma ya kamata mu masu yin sa mu riƙa faɗa. Yana ba da jimla, ba ya faɗin wa ya samu wa ya rasa. Farashin kasuwa yana rage darajar abin talaka, don kifin da ya hana yaro tamowa arha ne a kasuwa. Bikin kamun kifi na Bade ko na Argungu, da sarautar ruwa da aka gada kaka da kakanni, ba na jin akwai lambar da ta dace da su. Manyan alƙaluma kuma, irin dala tiriliyan 33 a shekara da Robert Costanza da abokansa suka ƙiyasta wa dukkan halittun duniya a 1997, suna da amfani wajen farkar da mutane, amma ba za su gaya wa mai riƙe da makullin Tiga ranar da zai buɗe ƙofa ba. Idan ka ji wani ya ɗauko farashin kadada ɗaya ta dausayin Amurka ya buga da faɗin naku, ka yi masa uzuri ka wuce.

Sai gonar mahaifinka. Abin da ya fi rikita mutane shi ne a yankinku matsalar ta zama ruwa ya yi yawa, alhali a ƙasa wajen Gashuwa ana kukan bai iso ba. Duka cuta ɗaya ce. Dam ya rage cikowar damina, ya kuma riƙa sakin ruwa da rani don ban ruwa da shan birni. Kogin da a da yake bushewa watanni ya koma mai gudu duk shekara a hankali. Kachala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, ga takin da ya wanko daga gonaki. A da rani yana kashe ta, babbar cikowa kuma tana wanke mashigai. Da aka rasa duka biyun sai ta kafu, ta rage gudun ruwa, laka ta kwanta, mashigai irin Burum Gana da tsohuwar Haɗeja suka toshe, ruwa ya karkata Marma ya kwanta a gonaki da garuruwa. Cikinta jan-baki ke kwana su fito su cinye hatsi, ga sauro, ga dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya.

Tana gyaruwa? Eh, amma ba da inji kaɗai ba. Na taɓa komawa wata mashiga da aka kashe kuɗi mai yawa aka share, bayan damina biyu ban gane wurin ba, kachala ta dawo har ta fi da. An cire ganye an bar dalili. Yankan da ke aiki shi ne a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, a tabbata ruwa ya rufe kututturen makonni, don ta cikin kara take kai iska ga saiwarta. Idan aka toshe wannan hanya sai ta ruɓe. Ko kuma a busar da wurin sarai. Duka biyun suna buƙatar iko da ruwa, wato a rage sakin rani zuwa abin da ake buƙata da gaske, a kuma saki babbar cikowa a Agusta ta haɗu da ta Jama'are. Aikin gayya na share mashigai, wanda garuruwanku suka sha yi, yana da amfani ƙwarai, amma ribarsa tana ɗorewa ne idan sakin ruwa ya canza. A bakin Kogin Senegal, inda kachala ta yi irin wannan ɓarna, ana mai da ita gawayi. Wannan yana rage kuɗin yanka, ba ya maye gyaran ruwa. Teburin da za a yi maganar ma akwai shi: a 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato, suka haɗu da gwamnatin tarayya a Damaturu suka kafa asusun kula da wannan kwari. Wahalar ita ce mai buɗe ƙofa yana sama, mai jin jiki yana ƙasa, kuma ba jiha ɗaya suke ba.

Don kada ka ce tatsuniya nake, dubi maƙwabta. A arewacin Kamaru an gina dam ɗin Maga a 1979 da shinge a gefen Kogin Logone don noman shinkafa, sai babban yanki na fadamar Waza ya daina samun cikowa. Ciyawa mai daɗewa ta mutu, kifi ya faɗi, makiyaya suka watse. A 1994 aka fasa shingen a wuri guda aka buɗe wata tsohuwar mashiga, ruwa ya koma kan kimanin murabba'in kilomita 200. Ba a shuka ciyawa ba, ba a zuba 'ya'yan kifi ba. Kifi ya dawo kusan nan take, ciyawar kiwo ta ɗauki shekaru tana maye gurbinta, mutane suka biyo baya, har da sabon rikicin wa ke da wane wuri, abin da duk mai shirin gyara ya kamata ya shirya masa tun kafin ruwa ya iso. A Muritaniya ma, bayan dam ɗin Diama na 1986 a kan Kogin Senegal ya busar da fadamar Diawling ya bar gishiri, ƙofofin ruwa aka gina aka riƙa kwaikwayon cikowa, masunta da mata masu saƙar tabarma suka koma sana'arsu.

Teku kuwa, ƙa'idar ɗaya ce, awon ne ya fi wuya don ba ka ganin abin da kake ƙirgawa, kuma ba shi da ƙofar da za a buɗe. Tarkon kamu da na ambata shi ya ci Kanada: manyan jiragen su suna ta cika da kifin kod saboda na'urorinsu sun ƙware wajen gano inda ragowar ya taru, har aka wayi gari a 1992 gwamnati ta rufe kamun a gaɓar Newfoundland, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki, ba a ɗage haramcin a hukumance ba sai 2024, shi ma kaɗan aka yarda a kama. A gaɓar Najeriya abin da ya yi kama da fadamarku shi ne dajin mangurof na Neja Delta, itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri, inda kifi da jatan lande ke renon 'ya'ya, wanda kuma ya fi na kowace ƙasa a Afirka faɗi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran ɓarnar mai zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Can ma dashen da aka yi a inda ruwan teku ba ya shiga ya fita yadda itacen ke so, mutuwa yake yi komai yawan tsiron da aka dasa.

Tunda kai malami ne, ga abin da za ka iya farawa bana ba tare da jiran kowa ba. Ku kafa sanda mai ƙarfi a mashigar da ta fi kusa da makaranta, ku yi mata zane kowane santimita goma, ɗalibi ɗaya ya riƙa karantawa kowace safiya ya rubuta da kwanan wata. Ku rubuta ranar da ruwa ya fara hawa, ranar da ya tsaya, ranar da ƙasa ta bushe idan ta bushe. Ku nemi masunta uku masu yarda, sau ɗaya a mako a rubuta irin kifin da suka kama, da yawansa, da tsawon guda goma, da irin komar. Ku riƙa auna zurfin rijiya biyu a farkon kowane wata da igiya mai ƙulli. Ku kuma zauna da dattawa biyar ku rubuta inda ruwa yake kaiwa kafin Tiga, da sunayen kifin da suka daina gani. A kafa sandar a kan siminti, don idan ta motsa ko da taki ɗaya, awon bara da na bana ba za su haɗu ba.